Gidan raino a Kano: me uwa za ta duba kafin ta ajiye 'ya'yanta?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina aiki a wani ofishi a sakatariyar Audu Bako. Ƙanwata ce ke riƙe mini yara, yanzu kuma za ta koma makaranta. Ina da ɗa ɗan wata 7 da yayarsa mai shekara 2 da wata 8. Na leƙa wuri biyu. Na farko makaranta ce mai gini mai kyau, da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, an ce Turanci zalla ake yi wa yara, har aikin gida ake ba 'yan shekara 2. Na biyu gidan wata baiwar Allah ne a bayan layinmu, tana riƙon yara shida ita da babbar 'yarta, ba allo ba komai. Maigidana ya fi son na farko. Surukata kuma ta ce a kawo 'yar raino daga ƙauye a huta. Me ya kamata in duba? Kuma yaushe ne yaro yake fara koyo na gaske?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka, ya ba ƙanwarki sa'ar karatu. Idan na fahimce ki, kina tsakanin abu uku ne, kuma fargabarki ita ce kada ki zaɓi mai sauƙi yara su rasa karatu, ko ki zaɓi mai karatu su rasa kulawa. To bari in fara rage miki wannan fargabar. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, kulawa da karatu ba su rabu ba tukuna. Lokacin ba shi abinci, da lokacin yi masa tsarki, da lokacin lallashinsa, su ne darussansa, kuma ɗanki ya fara ɗaukar su tun ranar da aka haife shi. Saboda haka a duk inda kika shiga, matar da za ta wuni da su ita ce abin aunawa: yara nawa ne a hannunta, yaya take amsa musu, kuma za ta daɗe a wurin ko gobe wata za ki tarar. Fenti da sanyin ɗaki a baya suke zuwa.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya sun fitar da tsari guda kan rainon ƙananan yara, suka dasa shi a kan abu biyar: lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro, damar koyo tun da wuri, da kulawar da ke amsa buƙatar yaro a lokacin da ya nuna ta. Huɗun farko ido yana iya ganinsu a ziyara ɗaya. Na biyar ne ke da wuyar gani, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Hannu nawa, yara nawa

Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ware mai raino ɗaya ga yara 10 a gidan raino, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. A Ingila kuwa doka ba ta yarda babba ɗaya ya riƙe yara fiye da 3 ba idan ba su kai shekara 2 ba, 'yan shekara 2 kuma 5 ne iyaka. Ki yi lissafin da kanki, za ki ga wanne ya fi kusa da gaskiyar jinjiri. Ba ɗan wata 7 abinci da cokali, a zaune, ba gaggawa, yana cin minti 15 zuwa 20. Idan mace ɗaya tana da jinjirai 10, zagaye ɗaya na abinci zai iya kai ta awa 3, ba a zo maganar canza famfas da barci da kuka ba. Mace ko ta kai wa tausayi, hannunta biyu ne. Abin da za ta koma yi sananne ne: a jingina fida a bakin yaro da filo a tafi wajen wani, a ɗura kunu da sauri, a bar mai kuka ya yi ya gaji, a kunna katun don a samu shiru. Yawancin ɓarnar da ake gani a gidajen raino daga nan take tasowa, ba daga mugunta ba.

A aikace abin da nake ba da shawara shi ne jinjirai 3, in ya yi yawa 4, ga mace ɗaya. 'Yan shekara 2 kuma kada su wuce 6. Kuma kada ki tsaya a lambar da aka faɗa miki a ofis. Ki shiga ɗakin ki ƙirga kawuna, ki ƙirga manyan da ke zaune da yaran da gaske. Mai shara da mai karɓar kuɗi da maigadi ba sa cikin lissafi. Sannan ki tambaya: idan anti ta tashi salla, ko ta shiga banɗaki, ko ta kai wani yaro fo, wa ke zama? Wurin da babba ɗaya ne tak a ɗaki, kowace rana akwai mintocin da yara ke zama su kaɗai.

Tambaya ta gaba ki yi wa mai rainon kanta, ba shugabar makaranta ba: "Anti, tun yaushe kike aiki a nan?" Idan duk wadda kika tambaya watanni biyu ko uku take kira, wurin yana canza ma'aikata da yawa, galibi saboda ƙarancin albashi ko rashin biya a kan lokaci. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin ɗanki yana dab da shiga lokacin ƙiwa, wadda ke bayyana wajen wata 8 zuwa 9, ta yi ƙarfi har bayan shekara 1. Yana buƙatar fuska guda da ya sani, wadda ta san kukansa na yunwa daban, na barci daban. Duk sanda aka canza masa ita, daga farko zai sake. Takardar NCE a fannin ilimin ƙananan yara, wadda kwalejojin ilimi ke bayarwa, tana da amfani ƙwarai, musamman a ajin yayar. Amma a ɗakin jinjirai, mace mai haƙuri da ta shekara uku a wuri ɗaya ta fi mini mai takarda da za ta tafi da zarar ta samu wani aikin.

Yadda koyo yake a wannan shekarun

Ki je ziyara ta biyu ba tare da sanarwa ba, tsakanin ƙarfe 11 da 1 na rana, lokacin da yunwa da barci da gajiya suka haɗu. Ki nemi wuri ki zauna a tabarma na minti 30, ki kalli abu ɗaya kawai: canjin famfas. Wata za ta ɗauko yaro ta baya bai san da zuwanta ba, ta kwantar, ta cire, ta goge, ta mayar, idonta a waya ko bakinta na hira da abokiyar aiki. Wata kuma za ta durƙusa a gabansa ta kira sunansa, ta ce "zo mu je a wanke", ta ɗaga ƙafarsa tana cewa "ga ƙafa, ina ɗayar?" Yaro ya ce "ba-ba-ba", ta dakata, ta mayar masa, ya yi dariya ya ƙara. Minti biyar ne duka, aikin ma iri ɗaya, amma yaron na biyu ya ji kalmomi da dama, ya gane cewa in ya yi sauti ana amsa masa, ya fara koyon karɓa-karɓa, wadda ita ce tushen hira. Ki ninka wannan sau biyar ko shida a rana, kwana biyar a mako. Bambancin wuri da wuri ke nan.

Akwai binciken da aka fara a Jamaika a 1986, a kan yara 'yan wata 9 zuwa 24 da tamowa ta hana su tsawo. Ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako na tsawon shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Abin lura shi ne ba allo aka kai musu ba, ba kwamfuta ba.

Yanzu ga 'yarki mai shekara 2 da wata 8. Aikin gida a wannan shekarun bai dace ba, kuma ina faɗar haka da ƙarfi domin ya zama ruwan dare a makarantun kuɗi na garin nan, iyaye kuma mu ne muke neman sa. Sai tsakanin shekara 3 da 4 yawancin yara ke fara riƙe fensir da yatsu uku, ƙwarinsa kuma sai an ƙara gaba. Idan aka matsa wa 'yar shekara 2 ta cika shafi da harafi, ɗayan biyu ne ke faruwa: ko anti ta kama hannunta ta rubuta, a kawo miki littafi mai kyau wanda ba aikinta ba ne, ko a yi ta tsawa har yarinya ta haɗa fensir da kuka a zuciyarta. Abin da ke shirya hannu ga rubutu shi ne tuwon ƙasa, murza ƙullun fulawa, yaga takarda, zuba ruwa daga gwangwani zuwa gwangwani, zane da babban alli ko gawayi a ƙasa, ɗaura wa 'yartsana zane. Abin da ke shirya kai ga lissafi kuma shi ne jera murafen robobi manya da ƙanana, da raba wa kowa kofi ɗaya a lokacin abinci. Yarinyar da ke rera ɗaya zuwa ashirin amma ba za ta iya miƙo miki cokali uku ba, waƙa ta haddace, ba ta fara ƙirga ba tukuna.

Maganar Turanci zalla ma a yi mata kallon natsuwa. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu, har uku, ba tare da ya ruɗe ba, kuma yaran Kano da yawa suna tashi da Hausa da Larabcin Islamiyya da Turancin boko. Matsalar ita ce idan aka hana mai raino Hausa, alhali Turancinta bai wuce na umarni ba, maganarta da yara takan ragu zuwa zauna, yi shiru, zo nan, kawo. Da an bar ta da harshenta, da ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta yi waƙar raino, ta yi kacici-kacici da tafa-tafa, ta amsa "mene ne wannan?" sau ashirin ba ta gaji ba. Yaron da ya ƙoshi da kalmomi a harshen gidansu yana da inda zai ɗora Turanci in lokacinsa ya yi. Ita kanta manufar ilimi ta 2013 harshen uwa ko na yankin ta tanada a wannan matakin. In an samu anti mai Turanci mai yalwa da ke hira da yara da shi, madalla, babu laifi. Ki saurara ki ji wace iri ce.

Talabijin kuma ba ado ba ne a ɗakin yara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon talabijin ko na waya, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ya fi. Ƙa'idar ta kuma ce kada a riƙe yaro a wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ko a kujera ko a keken yara ko a baya. Goyo yana da daɗi, yana kwantar da hankali, amma ɗan wata 7 yana buƙatar ƙasa mai tsafta inda zai yi rub da ciki, ya juya, ya miƙa hannu, ya fara rarrafe. Yayarsa kuma tana buƙatar kimanin awa 3 na motsi a rana, a rarrabe. Ki duba ko akwai tsakar gida mai inuwa, kuma ko ana fita da su da gaske.

Nono, abinci, barci da tsafta

Ki ci gaba da ba shi nono. Shawarar likitoci ita ce har shekara 2 tare da abinci. Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki, sai dai daga sakatariya zuwa Rijiyar Zaki wannan ba zai kai ki ya dawo da ke ba, don haka tatsa za ki riƙa yi. Nonon da aka tatsa yana yin awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, yana yin kwana 4 a firji. Kin san bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40, kuma firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. Ƙaramar kula mai ƙanƙara a ciki tana riƙe shi har awa 24. Ki zuba shi kaɗan-kaɗan a mazubi daban-daban, da sunansa da lokacin tatsa a jiki. A ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubin a ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba, abin da ya sha ya rage kuma in ya wuce awa 2 a zubar. Idan madarar gwangwani ce, a dama ta a lokacin da za a sha, da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, a sanyaya sannan a ba shi. Kada a dama ta tun safe a ajiye a filas har azahar. Gudawa da yawa daga nan take.

Abinci kuwa kunu mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, an ƙara masa gyaɗar da aka niƙa ko waken suya ko ƙwai, sai faten wake, faten dankali, kifi da aka tsince ƙaya, gwanda, ayaba. Ban da zuma kafin shekara 1. Ban da ɗure, wato a toshe hanci a zuba kunu, domin yaro yana iya ƙwarewa abincin ya shiga huhu. Ga su biyun duka, gyaɗa guda-guda, aya, gugguru, alewa mai tauri, inabi da ba a yanka ba da dabino mai ƙwallo suna maƙalewa a maƙogwaro. Ki tambayi mai raino me za ta yi in yaro ya shaƙe. Amsar da ake so ga jinjiri ita ce a kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa da jikinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, in bai fito ba a juya shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, ana maimaitawa ana neman taimako. Wadda ta ce za ta zira yatsa ta lalubo, ko ta ba shi ruwa, tana buƙatar horo kafin a bar mata jinjiri.

Barcin jinjiri a rigingine ne, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin zannuwa, kowa da wurinsa, da babba a ɗakin. Akwai wani abu mai nauyi da ya zama dole in faɗa. Idan kika shiga ɗaki kika tarar yara goma duk sun yi barci a lokaci guda, barci mai nauyi, ko ɗanki yana dawo miki a sake, idonsa a lumshe, ba ya son nono, ki bincika. Akwai masu ba yara maganin mura mai sa barci don su samu sarari, kuma yana da haɗari ga numfashin ƙananan yara. Tun ranar farko ki faɗa a fili, ki kuma rubuta: kada a ba 'ya'yanki kowane magani, na asibiti ko na gargajiya, sai da izininki.

Tsafta ana gane ta a wuri uku. Wurin canza famfas ya zama daban da wurin abinci, a kan leda ko katifar roba da ake gogewa bayan kowane yaro. Wanke hannu ya zama da sabulu da ruwa mai zuba, ko da buta ce, ba kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba. Kowane yaro kuma da kofinsa da cokalinsa da tawul ɗinsa. Ki leƙa inda ake ajiye fo. Hancinki zai gaya miki sauran.

Wurin kirki yana neman katin rigakafi kafin ya karɓi yaro. Idan ba su nemi naku ba, ba su nemi na sauran ba ke nan. Kano ce ta fi kowace jiha shan wahalar ɓarkewar mashaƙo da ta taso a ƙarshen 2022, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba su cika rigakafi ba. Ɗanki ya kamata a ce ya gama na mako 6 da 10 da 14. Na ƙyanda da shawara da sanƙarau suna jiransa a wata 9, ƙyanda ta biyu a wata 15. Wato yanzu haka ba shi da kariyar allurar ƙyanda, don haka lafiyar yaran da zai zauna da su ta shafe shi. Ki tambayi dokarsu kan yaro marar lafiya. Mai zazzaɓi ya zauna gida, mai gudawa ko amai sai ya kwana biyu da tsayawa, mai ƙarambau sai ƙurajen sun bushe duka. Wannan dokar wata rana ke za ta hana zuwa aiki, amma ita ce ke kare ɗanki sauran ranakun. Ko a wuri mai kyau, watannin farko za a sha mura da tari, musamman da hunturu. Wannan kaɗai ba shaidar sakaci ba ce.

Tsaro

Ki sunkuya daidai tsawon mai rarrafe ki dubi ɗakin. Bokiti ko baho mai ruwa a buɗe yana iya halaka yaro cikin 'yan mintoci, ba tare da an ji ƙara ba. Rijiya da tankin ƙasa su kasance a rufe da kwaɗo. Kananzir ko fiya-fiya a robar lemo, soket a buɗe, fanka a ƙasa, filas ɗin ruwan zafi a inda hannu ke kaiwa, ƙaramin batir mai kama da maɓalli, janareta kusa da taga yana turo hayaƙi: waɗannan su ne ke kai yara asibiti. Ƙofar fita kada ta zama ɗaya tak mai kwaɗo, makullin kuma a hannun wanda ya tafi kasuwa.

Wa zai ɗauki yara idan an tashi? A rubuta sunaye, a ajiye hoto, duk wanda ba ya ciki ko ya ce shi kawunsu ne sai an kira ki. Ɗan adaidaita shi kaɗai ba ya ɗaukar 'yan wannan shekarun. Ki san kuma mazan da ke shiga wurin, ma'aikata ne ko 'yan gida. Kanawa ba su manta da yarinya 'yar shekara 5 da aka sace aka kashe ba, wadda kotu ta samu mai makarantarsu da laifin, har gwamnatin jiha ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu a Janairun 2022 don a sake tantance su. Ki nemi ganin takardar rajista daga hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha, amma takarda ba ta maye gurbin idonki. Duk wurin da ya ce iyaye su tsaya a bakin ƙofa, ba a shiga ɗakin yara ko da wane lokaci, ni ba zan ba ki shawarar sa ba.

Tsakanin ukun

Ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba. Amma bisa abin da kika bayyana, talabijin da aikin gida da Turanci zalla alamu ne na wurin da aka tsara don ya burge iyaye. Zai iya yiwuwa ɗakin jinjiransu yana da kyau duk da haka. Ƙirga kawuna ne zai nuna. Gidan maƙwabciyarki, yara 6 ga manya 2, lissafinsa ya fi kyau, in dai 'yar tata babba ce kuma tana nan kullum, kuma jinjirai ba su wuce 2 ko 3 a cikin shidan ba. Rauninsa shi ne ba mai sa ido daga waje, gida ne mai girki da baƙi da hidimomi, kuma ranar da ta tafi biki ko ta kwanta rashin lafiya sai kin nemi mafita. Rashin allo ba aibi ba ne. Za ki iya kai littattafan hoto biyu ko uku masu kauri, da kwali cike da robobi da murafe manya. Ki zauna da ita ku yi magana ƙarara a kan duka da tsawa da tsoratarwa da dodo, da magani, da waya, domin kunyar maƙwabtaka ita ce ke hana a faɗi gaskiya daga baya.

Shawarar Hajiya surukarki tana da tushe: yaro a gidansu, hannu ɗaya, ba yawan ɗaukar cuta. Idan dattijuwa ce ko babbar mace da aka san asalinta, zaɓi ne mai kyau ga ɗan wata 7. Amma in yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, ita ma raino take buƙata, ba za ta iya da jinjirin da ya shaƙe ko ya fara jijjiga ba, ga yayarsa tana guje-guje, ga karatunta da aka yanke. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ki bar Baban yara ya kai mata wannan bayanin cikin ladabi. Shi ma ki roƙe shi ku je ziyarar ba-zata tare, ya zauna minti 30 ɗin nan a kowane wuri; abin da ya gani da idonsa zai fi bayaninki tasiri. Babu kuma dole su biyun su kasance wuri ɗaya. Jinjiri a gidan maƙwabciya, yayarsa ta shiga nazare mai wasa na rabin rana in ta cika shekara 3, tsari ne da ke yi wa iyalai da yawa daidai.

Makon farko da bayansa

Ki fara tun ƙanwarki ba ta tafi ba. Ranar farko ku zauna tare na awa 1. Rana ta biyu ki fita na minti 30. Daga nan awa 2, sai rabin rana, sai wuni, a cikin kwana 7 zuwa 10. Kada ki sulale. Ki yi sallama gajeriya, kalma iri ɗaya kullum, ki ce za ki dawo bayan la'asar, ki kuma dawo a lokacin. Ki bar wa jinjirin zanenki mai ƙanshin jikinki don lallashi, ba don shimfiɗar barci ba. Kukan rabuwa daidai ne; abin tambaya shi ne minti nawa yake yi kafin ya lafa, kuma a hannun wa.

Kullum da yamma ki nemi abu huɗu, ko a ƙaramin littafi ko da baki: me ya ci, sau nawa aka canza shi, yaushe ya yi barci, me ya ba shi dariya. Mai raino da ta san ɗanki za ta amsa na huɗun ba tare da tunani ba. Bayan mako 3 zuwa 4 ya kamata ki ga yana miƙa mata hannu da safe, yayarsa kuma tana kawo miki sababbin kalmomi da sunayen ƙawaye. Idan kuwa kika ga zafin famfas da ba ya warkewa, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo, ko tabo a cinya, baya, kunne ko kumatu da ba a iya bayyana shi ba, ko yarinyar ta firgita in an ɗaga hannu, ko tana dukan 'yartsanarta tana maimaita wata tsawa da ba a gidanku ta ji ba, ki cire su a ranar, bincike ya biyo baya. Abin da ya shafi jiki ko jinkirin girma, kamar ya kai wata 9 ba ya zama shi kaɗai, ko ba ya juyowa in an kira shi, ko ita ba ta haɗa kalma biyu, wannan ya wuce hurumina da na mai raino. Ki kai su wajen likitan yara, ko a asibitin Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa da ku, tare da katin rigakafi da littafin nan na kullum.